Gashin Ikko da Yayen Hannatu

Ɗan’uwanku Dauda ne ya kawo mini maganar, shi da bakinsa ba ya riƙe zance. Wai da kuka taru a gidan Bulus, Hannatu ta ce ita ta daɗe da sanin dalili: an riƙe maza biyu, ita da ta zo mace aka miƙa wa Gwaggo Lami kamar ragowar tuwo. Na ji, na sunkuyar da kai, har Dauda ya ɗauka gyangyaɗi nake. Ba gyangyaɗi ba ne. Hannatu, yau ke ma kaka ce, ni kuma ido ya fara yi mini gardama, to gara in zauna in rubuta muku abin da ya faru a shekarar nan tun da sauran mai faɗa. Babanku ya tafi, Gwaggonku ta tafi, ni da aka gama yi wa shirin tafiya tun kuna ƙanana ni ce na rage. Ba zan ce muku na gane duk abin da ya faru ba. Yadda ya zo mini a hargitse, haka zan ba ku shi.

Muna ƙauyenmu na gabas da Malumfashi a lokacin, ana yaƙi a kudu, mu dai labarinsa muke ji a rediyon Fasto. An gama kai auduga kasuwa ke nan. Dauda da Bulus sun isa kora awaki, Hannatu kuwa tana nono, ba ta daɗe da fara tsayuwa da bango ba. Sai na ji wani ƙululu a nonona na hagu, girman ƙwallon dabino, ba zafi ba ƙaiƙayi. Tsofaffi suka ce ruwan nono ne ya daskare, aka yi ta dama mini kunun kanwa, ana gasa wurin da tsumma da ruwan zafi. Ƙululu ya ce bai san zance ba, ƙara girma ma yake. Da wanzami ya fara maganar sakiya, Babanku ya ce ba da matarsa ba, ya ɗauke ni sai asibitin mishan. Likitan Bature ne, dogo, mai sanyin hannu. Ya tattaɓa, ya tura yatsa har hammata, sannan ya ja Babanku waje shi da tafinta. Sun jima. Da Babanku ya dawo ya ce mini ɗan aiki ne za a yi. Ɗan aiki! Na farka na shafa ƙirjina na ji wayam, sai ƙyalle da zare tun daga tsakiya har hammata.

Ku ’ya’yan yanzu ba za ku gane ba, amma a zamaninmu ba a faɗa wa mara lafiya ciwonsa idan babba ne. Likita ya faɗa wa miji, miji ya faɗa wa yayarsa, yaya ta faɗa wa Fasto, matar Fasto ta ji, zumuntar mata duk su ji. Ke mai ciwon, sai dai ki ga ana yi miki sannu da wata irin murya, ana ɗauke ido idan kin ɗago. Ba mugunta ba ce, a ganinsu tausayi ne, wai kada tsoro ya riga ciwo kashe mutum. Ni kuwa ban ga abin tausayi ba. Miki ya haɗe sumul, na koma gida ina shara, ina daka da hannu ɗaya, Hannatu tana shan nonon dama tana ƙiba. Da muka koma a duba ni, likita ya ga tabon ya yi murmushi, na ce a raina shi ke nan an sallame ni. Sai tafinta ya ce wai za a tura ni Ikko, akwai wani inji da aka kawo sabo, za a gasa mini wurin da hasken wuta, kuma in daina ba yarinya nono tun yanzu. Mace ba ta tsoma baki idan miji yana tsaye, amma ran nan na tsoma.

“Malam, tambaye shi, bai cire duka ba ne?”

“Ya ce ya cire duka.”

“To me za a gasa?”

“Ya ce wurin da aka cire.”

Na dubi Babanku ko shi ya gane, shi kuwa ƙasa yake kallo. Muka dawo gida ina ta jujjuya maganar. An hana wanzami ya sa mini ƙarfe mai zafi lokacin da akwai ƙululu, yanzu da babu komai za a kai ni bakin teku a sa mini wuta. Na tambayi Babanku a hanya, na tambaye shi a gida, amsarsa ɗaya ce, wai likita ya fi mu sani.

Sai maganar yaye. Kun san yadda ake yi, idan za a cire yaro daga nono a kai shi gidan kaka ya yi ’yan kwanaki, ya sha kukansa can, idan ya manta a dawo da shi. Kakanninku mata duk sun rasu, don haka da Babanku ya ce Yaya Lami za ta zo ta ɗauki Hannatu, ban ga wani abu ba. Yaya Lami, wato Gwaggonku, ita ta goyi Babanku bayan rasuwar uwarsu. Tana aure a wani ƙauye kusa da Kafur, shekara da shekaru ko ɓari ba ta taɓa yi ba, ga ta da son yara kamar me. Abin da ya ɗan ɗaure mini kai, ba ita kaɗai ta zo ba. Da mijinta ta zo, da wani dattijon ikilisiyarsu, kuma da sabon zanen goyo na saƙi da majanyi. Na ce oho, mai neman haihuwa ce, ko yaye biki ne a wurinta. Babanku ya karɓi Hannatu daga hannuna ya fita da ita zaure, shi da kunya ba ta barinsa ɗaukar ɗansa a gaban mutane. Ni ina ɗaki ina ɗaure ƙirji da zane don nono ya ƙafe. Can sai ga Gwaggo ta shigo da yarinya a baya, hawaye shaɓe-shaɓe, ta durƙusa mini, ita da ta girme ni nesa ba kusa ba, tana cewa Allah ya saka, Allah ya ba ni lafiya. Har zolayarta na yi.

“Yaya, yaye ne fa, ba sarauta aka naɗa ki ba.”

Maimakon ta yi dariya sai kukan ya ƙaru. Na ce a raina rashin haihuwa bai yi ba, dubi yadda ya mayar da mace mai hankali. Na ce mata ta riƙa sa wa yarinyar tsamiya kaɗan a kunu, ba ta son mai yawa.

A Funtua muka hau jirgin ƙasa. Daga Kaduna ya cika da sojoji, muka yi ta tafiya har na fid da ran akwai ƙarshen ƙasa. A Ikko muka sauka gidan wani ɗan Funtua mai fataucin goro wanda ya san mijin Gwaggo. Matarsa, Hajiya, ta ba ni tabarma a ɗakinta, ba ta taɓa tambayata ina nake sujada ba. Babanku ya kai ni asibiti, ya ga an karɓe ni, sai labari ya zo ruwan shuka ya sauka a gida. Dole ya juya, tunda ba mai shuka masa. Da zai tafi ya tsaya ya yi ta kallona, har na ce masa ko na ci masa bashi ne. Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Bari in ba ku labarin gashin nan, don har yau in na tuna sai in rasa inda zan ajiye shi. Da farko suka zana mini layuka a ƙirji da tawada mai launin makuba, suka ce kada ruwa ya taɓa, kada sabulu, kada mai. Ni da na saba wanka safe da yamma, ga zafin Ikko mai sa mutum ya yi ta naso. Kullum da safe in bi layi, a kira ni wani ɗaki mai ƙofa mai nauyi, in kwanta a kan gado mai tauri, a ɗaga mini hannu sama, a rufe gefe da gefe da faifan darma, a jawo kan injin a saita shi a kan zanen. Na daddage, na cije leɓe, ina jiran wuta. Sai na ga kowa yana fita. Likita ya fita, nas ta fita, aka turo ƙofar, aka bar ni ni kaɗai, sai idanu ta wata ’yar taga. Injin ya yi ɗan gurnani, ya yi shiru. Aka buɗe aka ce in tashi, an gama, sai gobe. Ban ga haske ba, ban ji zafi ba, ko ɗumi ban ji ba. Na koma na ce wa Hajiya ina jin injin bai kama ba yau. Washegari ma haka, jibi ma haka. Na fara tunanin ko dai sun ga ’yar ƙauye ce suna yi mini wasa, ko kuwa maganin na masu kuɗi ne, mu ƙararsa kawai ake jiyar da mu.

Akwai wata nas Bayarabiya da ke jin Hausa kamar jakin Kano. Ashe a Funtua aka haife ta, ubanta yana sayar da atamfa a kasuwa. Ranar da ta ji na ambaci Malumfashi ta riƙe hannuna kamar ta ga ’yar ɗakinsu. Ita na samu na tambaya, na ce idan abin nan magani ne, me ya sa suke gudu su bar ni da shi? Ta ce ni sau ɗaya nake sha a rana, su kuwa in sun tsaya wuni za su yi suna sha, kuma ko zuma ce aka wuni ana sha sai ta yi ɓarna. Na ce to ai ba ni da ciwon da za a ba ni zumar, likitanmu ya ce ya cire duka. Ta tsaya da abin da take yi.

“Baiwar Allah, ba su faɗa miki sunan ciwonki ba?”

Na ce ba wanda ya faɗa.

“Ciwon daji ne. Kin ga idan an gama tsinkar auduga, malamin gona ba ya tilasta muku ku tuge itacen ku ƙone? Ba ya cewa tsutsa tana nan ko ba ku gan ta ba? To shi ne muke yi miki.”

“In an ƙone shi ke nan?”

“Wata gonar shi ke nan. Wata kuma sai baɗi a ga ta dawo. Ba mai iya faɗa miki taki tun yanzu.”

Na san daji. Shi ya ci wata ƙanwar uwata, muna ji muna gani. A nan na gane muryar da ake yi mini sannu da ita, na gane kallon Babanku. Tsoro ya kama ni, haushi ma ya kama ni, duk ƙauye sun san abin da ke jikina ban da ni. Amma ku ji wauta, ko kusa hankalina bai kai kan kukan Gwaggo ba. Abin da nake ta cewa a raina, in gama in koma in ɗauko ’yata, ko kwana nawa ya rage mini in yi su tana bayana.

Sai da aka kwana biyu sannan wutar da ban gani ba ta nuna kanta. Fatar ta yi ja, ta yi baƙi, ta fara saɓulewa daidai cikin zanen nan, kamar an auna da magwaji. Kasala ta rufe ni, abinci ya fita raina. Hajiya ta ɗebo man kaɗanya za ta shafa mini, na ce an hana. Ta riƙe baki ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin asibitin da ake kai mutum da tabo a dawo da shi da gyambo ba. Ni ma abin da nake ta tambayar kaina ke nan. Da na nuna wa nas, ta ce alama ce aiki yana kyau. Ana cikin haka injin ya lalace, aka ce sai an kawo wani ƙarfe daga Turai. Muka yi ta zuwa ana cewa mu dawo. Tafiyar da aka ce ta ’yan makonni ce, sai da gero ya isa yanka sannan aka sallame ni, na biyo ayarin masu goro zuwa Funtua.

Kwana ɗaya na yi a gida na ce sai Kafur. Babanku ya ce in huta tukuna, na ce na huta a jirgi. Na iske Hannatu a tsakar gida tana bin kaji da gudu, ta yi ɓulɓul, an yi mata kitso. Na miƙa hannu, ta ruga ta ɓuya a bayan Gwaggo tana cewa Inna, Inna. Wannan bai dame ni ba, yaro ne. Gwaggo ta rungume ni, ta yanka mini kaza, ta yi ta godiya ga Allah. Da rana ta yi sanyi na ce Yaya, a haɗa mini kayanta, kada mota ta wuce ni. Sai mijinta ya tashi ya fita. Gwaggo ta ce in je in yi magana da ƙanenta tukuna.

Na koma gida, a gona na same shi. Bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce ranar da likita ya ja shi waje, ya faɗa masa ko an yi aiki, ko an yi gashi, kada ya sa rai da yawa, mai shayarwa da irin wannan ciwo ba kasafai take ganin shekara biyu ba. Ya ce ya duba, maza sun tasa, za su rayu a hannun kowa, amma jaririya mace in uwa ta faɗi wa zai riƙe ta? Shi ya sa ya ba yayarsa ita halak malak, a gaban shaidu, tun ina da rai, don yarinya ta saba kafin abin ya zo. Na ce to ga ni, ban mutu ba. Ya ce ya gani, ya kuma gode wa Allah, amma uba ba ya ba da ɗa a zaure ya koma ya ce ya fasa, balle ga wadda ta goye shi. Na yi masa faɗan da ban taɓa yi ba, a tsakiyar dawa, ya tsaya da lauje a hannu yana ji. Har yau ban san ko laifi ya yi ba. Na so in tsane shi, abin ya ƙi.

Na kai ƙara wurin Fasto, dattawa suka zauna, wasu suka ce kyauta ta tabbata, wasu suka ce uwa tana da rai ba a yi mata gado. Suka tashi ba matsaya. Gwaggo ce da kanta ta raba gardamar. Ta aiko a kira ni, na je na tarar ta yi wa Hannatu wanka, ta ƙulle kayanta a ɗan tsumma ta ajiye a bakin ƙofa.

“Rahila, ba zan riƙe ’yarki kina kuka ba. Ga ta, ga kayanta. Abu ɗaya nake so, ki dube ni ki ce kin warke. An cire ta daga nononki ta yi kuka har muryarta ta dishe. Yanzu in cire ta daga bayana ta sake wani. In kuma baɗi aka dawo mini da ita daga bakin kabari, kuka na uku ke nan. Ki ce kin warke, in ɗora miki ita da hannuna.”

Na buɗe baki. Kalma biyu ce, kuma ba mai kama ni da ƙarya. Sai maganar nas ɗin nan ta faɗo mini, wata gonar sai baɗi. Ga ƙirjina a lokacin ko zane ba ya so, ina zan ɗaura majanyi? Na ce mata ta bari in koma wurin likita, da ya ce na warke zan zo. Ta ce ta yarda. Na fito Hannatu tana ɗaga mini hannu daga bayanta, yadda ake yi wa baƙo.

Na koma asibitin mishan. Likita ya duba ya ce bai ga komai ba, in dawo bayan wata shida. Na ce a tambaye shi ko na warke, tafinta ya ce wai da wannan ciwo ba a faɗin haka. Na koma, bai ga komai ba, in dawo baɗi. Baɗi ma haka. Baturen ya koma ƙasarsu, wani ya zo, shi ma bakinsu ɗaya. Kowace shekara in ce bana ce ta ƙarshe, ko dai in mutu ko a sallame ni, kuma ba ɗayan da ya faru. Ko gashin ne ya tsare ni, ko wuƙar farko ta gama aikin, ko dama can Allah bai nufa ba, ban sani ba, kuma duk wanda na tambaya bai sani ba. Kafin in farga Hannatu ta shiga makaranta daga Kafur, ta tashi tana ce wa Babanku Kawu, kamar yadda ’yar Gwaggo za ta ce. Ranar aurenta Gwaggo ce uwar amarya, ni ina wajen tukwane.

Da Gwaggo ta kwanta ciwon ajali na je jinya. Lokacin Hannatu tana da ’ya’ya huɗu, furfura ta fara fito mata. Wata safiya ta fita dama kunu, ya rage daga ni sai Gwaggo a ɗaki. Ta kama hannuna, muryarta da ƙyar take fita.

“Rahila, tunda likitoci sun ƙi faɗa, ni na faɗa. Kin warke. Ɗauki ’yarki.”

Na rasa ko dariya zan yi ko kuka. In ɗauke ta in kai ta ina, a wane bayan? Ina nan zaune baki buɗe, ke Hannatu kika ɗaga labule da ƙoƙon kunu a hannu, ba ki ji komai ba. Kika durƙusa kika ce, “Matar Kawu, ɗan tallafa mini kan Inna in ba ta.”

Na tallafa.